Garambawul ɗin injin babbar mota: ka yi da hannunka, ka kai gareji, ko ka sauya inji?

Injin dizal na babbar mota ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Yakan daɗe yana ba da sanarwa. Shan baƙin mai ya ƙaru, bututun numfashin inji ya fara busa hayaƙi, gejin mai ya riƙa sauka da zarar inji ya ɗau zafi, mota ta koma nishi a hawan da a da take cinyewa ba tare da an rage giya ba. Injin da ya samu kulawa yakan yi kilomita miliyan ɗaya ko fiye kafin ya kai nan. Idan ya kai, hanyoyi huɗu ne a gaban mai mota: ya buɗe injin da kansa, ya miƙa wa gareji, ya karɓi injin da kamfani ya sabunta ya ba da nasa a musaya, ko ya sayi na hannu da aka cire daga wata motar.

Mafi yawan masu auna waɗannan hanyoyi da kuɗin aiki suke farawa. A ganina can ƙarshe ya kamata kuɗin aiki ya zo. Tambayar farko ita ce, injin gajiya ya yi ko ɓarna ya yi? Amsarta kaɗai takan rufe hanya ɗaya ko biyu cikin huɗun nan.

Injin da ya gaji shi ne wanda ringi da silib (hannun rigar ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a ciki) suka sude, metal (siririn beyarin da karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, ke juyi a kansa) ya cinye, bawul ba sa rufewa sosai, amma har yanzu yana tashi yana jan kaya, ba ya ƙwanƙwasa. Wanda ya yi ɓarna kuwa shi ne wanda ya buga: metal ya juya a mazauninsa ya ƙone karanshaf, ko bawul ya faɗa kan fistin, ko kwanrod (sandan da ya haɗa fistin da karanshaf) ya fasa bulok, wato gangar jikin injin, ya leƙo waje, ko aka yi ta tafiya da shi ba ruwa har ya kama. Ana iya rarrabe su ba tare da an kwance komai mai yawa ba. A ɗebi baƙin mai a kai gwaji: ƙarfe da kuromiyam daga silib da ringi suke fitowa, dalma da jan ƙarfe daga metal, silikon alamar ƙura ce ta shiga, sodiyam da fotasiyam kuma alamar ruwan lagireto ne ya haɗu da mai. A yanka filtar mai a ware takardar cikinta a rana. Idan ɗan ƙyalli ne kamar gari, gajiya ce. Idan ɓarɓashi ne da yatsa ke iya tsinta, to a sauke kaskon mai a dubi metal tun kafin a yi maganar sayen komai.

Garambawul a cikin mota

Abin da ya sa mutum ɗaya zai iya tunanin wannan aiki tun farko shi ne yadda aka ƙera manyan injunan. Akasarinsu fistin ba ya gogar bulok kai tsaye. A cikin silib yake hawa da sauka, silib ɗin kuma zare shi ake yi a sa wani, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi ta waje. Haka Cummins N14 da ISX suke, haka Caterpillar 3406 da C15, da Detroit Series 60 da ya fito a 1987, da Volvo D13, da injunan Scania da MAN da Mercedes na manyan motoci. Saboda haka ana iya cire kan inji ta sama, a sauke kaskon mai ta ƙasa, a zare fistin da silib, a sauya metal, a mayar da komai, bulok yana zaune a kan shasi. Kayan ma a haɗe ake sayar da su: silib shida, fistin da ringi da fil ɗinsu, metal na kwanrod da na karanshaf, da gasket da robobi.

Wannan shi ne aikin da zan ce mai mota zai iya yi da kansa, kuma a kan injin da ya gaji kawai. Dalili kuwa akwai abubuwan da ba sa yiwuwa muddin inji na cikin mota. Karanshaf ba ya fita sai an raba inji da giyabos. Manyan metal ɗinsa ɗaya bayan ɗaya ake murza su a mazauninsu yana nan rataye. Ba za a wanke hanyoyin mai na cikin bulok yadda ya kamata ba, ba za a gwada karanshaf da maganaɗisu a gano tsaga ba, ba za a daidaita layin mazaunin metal ba. Injin da ya buga ya riga ya watsa ɓarɓashin ƙarfe cikin kowace kafa, har cikin na'urar sanyaya mai da tabo (turbo, mai tura iska cikin inji). Wanda ya zuba sababbin kaya a irin wannan bulok ba tare da an sauke shi an wanke ba, ɓarɓashin nan ne zai dawo ya cinye sabon metal.

Kwance noti da ɗaure shi ba shi ne wahalar aikin ba. Duk wanda ya saba sauya kuloci ko famfon ruwa zai iya. Inda ake faɗuwa shi ne awo.

Ɗauki tsayin bakin silib. Idan aka zaunar da silib a bulok, bakinsa ba ya yin daidai da fuskar bulok, yakan ɗan ɗara ta kaɗan, domin idan aka ɗaure kan inji ya danne gasket a daidai wurin da wuta take. A C15 ana son wannan ɗarawa ta kasance tsakanin milimita 0.025 da 0.15. A ISX kuwa tsakanin 0.18 da 0.36 ne. Kaurin takardar rubutu kusan milimita 0.1 ne, ka ga ke nan abin da ake magana a kai. Kuma adadin da ya dace da wannan injin kuskure ne a wancan, shi ya sa jin-an-ce ba ya aiki a nan, sai littafin injin. Yadda ake yi: a kankare fuskar bulok da mazaunin silib tas, a sa silib ba tare da robobinsa ba, a danne shi da maɗauri kamar yadda kan inji zai danne shi, a ɗora agogon awo a kan fuskar bulok a mayar da allurarsa sifili, sannan a zame shi zuwa bakin silib a karanta. Wuri huɗu a kowane silib, a rubuta a takarda. Lamba 24 ke nan a inji mai silinda shida. Ba a so kusurwa ɗaya ta fi wata, ba a so silib ya bambanta da maƙwabcinsa fiye da ɗan abin da littafi ya yarda. Idan silib ɗaya ya nutse, mazauninsa ne ya cinye, sai an kira mai injin yanka ya gyara shi a sa siririn zoben ciko. Wanda ya tsallake wannan awo, injinsa zai tashi lafiya lau, ya yi ƙara mai daɗi, bayan 'yan watanni gasket ya ƙone ko bakin silib ya tsage, ruwa ya gangara cikin mai.

Haka tazarar metal. Tsakanin metal da karanshaf akwai ɗan sarari da mai ke bi, wanda bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Ana auna wuyan karanshaf da maikuromita ta fuska biyu don a ga ko ya zama ƙwai. Ana kuma ɗora ɗan zaren roba na Plastigage a kan wuyan, a ɗaure murfin daidai ƙarfin da aka ƙayyade ba tare da an juya inji ba, a kwance, a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Aikin minti goma ne a kowane wuya, amma shi ke gaya maka ko gejin mai zai tsaya inda ake so idan inji ya yi zafi.

To sai kayan aiki. Sifanar awon ɗauri babba, domin notocin kan inji sukan kai nitan-mita (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 400 ko fiye, wasu kuma bayan haka sai an ƙara musu juyin digiri 90, a bi su bisa jerin da littafi ya zana daga tsakiya zuwa gefe. Abin zare silib, abin matse ringi, agogon awo, maikuromita, filagejin saita bawul. Da abin ɗaga nauyi. Kan injin C15 ko ISX ko Series 60 guda ɗaya ne dogo da ya rufe silinda shida, nauyinsa ya haura kilo 100 nesa ba kusa ba, ba abin da ƙarti biyu za su ciccibo a kan tayar mota ba ne. A nan irin injinka yana da ta cewa: N14 kawuna uku gare shi, kowane na silinda biyu, Mercedes OM 457 da tsofaffin Scania kuma kowace silinda da kanta, mutum ɗaya yana iya ɗauka. Ga kuma wuri. Ana bukatar daɓe mai tsabta da rufi, inda iska ba ta kwaso ƙura, domin injin zai kwana a buɗe ba sau ɗaya ba.

Shekarun injin ma abin dubawa ne. Tsohon inji mai famfon dizal na ƙarfe zalla, littafi da kayan awo sun wadatar. Wanda kwamfuta ke sarrafa shi kuwa, a da yawansu idan aka sauya injekta sai an shigar wa kwamfutar lambar kowace ɗaya, da manhaja irin su Cat ET ko Cummins Insite. Masu kamshaf (sandan da ke buɗe bawul) a sama sai an mayar da saitin giyoyinsu daidai da ƙusoshin saiti na musamman. Sababbi masu bututun dizal na bai-ɗaya matsinsu yakan haura bar (ma'aunin matsi) 2,000, wanda ke iya huda fatar mutum, kuma ƙwayar yashi ɗaya a cikin bututun ta isa ta kashe injekta. Ba wai ba za a iya ba ne, amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara yawan abin da za ka nemo a waje.

Ko da kai ka yi aikin, ba duka za ka yi ba. Kan inji sai an kai wa masu injin gyara su gwada shi da matsin ruwa, su duba lanƙwasa, su gyara mazaunin bawul. Injekta sai an kai gwaji. Tabo haka. Abin da ya rage a hannunka shi ne kwancewa, wankewa, awo da haɗawa.

Lissafin da ba a cika yi ba

Ribar yi da kai a bayyane take. Kuɗin aiki ya zauna a aljihunka, kai ka zaɓi kayan da aka sa, ka ga kowane awo da idonka, kuma daga ranar ka san injinka ciki da bai. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai riƙe motar shekaru.

Sai dai a cire kuɗin kayan aikin da za a saya ko a yi haya. A kuma cire babban abin, wato kwanakin da mota za ta yi a tsaye. Garejin da ya saba, mai mutum biyu ko uku a kan aikin, yakan gama garambawul na cikin mota cikin mako guda idan kaya sun samu. Wanda yake yi karon farko shi kaɗai, yana karanta littafi yana komawa, yana jiran abin da ya manta bai saya ba, ya sa ran ninki biyu ko uku. Lissafin mai sauƙi ne: abin da motar ke shigowa da shi a rana bayan an cire mai, a ninka da ƙarin kwanakin. Ga wanda motarsa ke kan kwangila, ko yake biyan bashinta wata-wata, sau da yawa wannan adadi ya fi kuɗin aikin da yake gudu. Ga wanda ke da wata motar, ko aikinsa ke da lokacin da kasuwa ke kwanciya, lissafin sai ya juya.

Akwai kuma tambayar wa zai ɗauki asara idan abu ya lalace. Masu sayar da kaya sukan ba da garanti a kan kayansu, amma sukan nemi shaidar cewa an haɗa daidai, kuma mafi yawan lalacewar da ke biyo bayan garambawul daga haɗi take zuwa, ba daga kaya ba. Idan kai ka haɗa, kai ne garantin kanka.

A nan gareji ya fi. Amma kalmar gareji ta ƙunshi wurare iri-iri, daga wakilin kamfanin da ya ƙera injin, mai tsada da takardar garanti, zuwa bakaniken da sifana da guduma ne jarinsa. Miƙa inji ga wanda ba ya awo bai fi ka yi da kanka ba, ya ma fi muni, tunda ka biya kuma ba ka gani ba. Hanyar gane su ba ta da wuya. Ka tambaye shi nawa ne tsayin bakin silib na injinka, ka ga ko zai buɗe littafi ko zai ce shi da ido yake ganewa. Ka ce kana son awon a rubuce, da tsofaffin kayan da aka cire. Ka ji wa zai gyara kan injin, kuma garantin nasa ya haɗa da aiki ko kaya kawai. Bakaniken kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kuma idan injin ya buga, gareji ne ke da ƙugiyar da za ta ɗaga abin da ya kusa tan ɗaya da rabi, da maƙalin da za a juya shi a kai, da sanin inda za a kai karanshaf a yanka shi a rage kaurinsa da milimita 0.25 ko 0.50 a nemo metal daidai da shi.

Akwai hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi dacewa da mai yi karon farko: ka kwance, ka wanke, ka kai abin kaiwa waje, sannan ka biya ƙwararre ya zo kwana ɗaya ko biyu ku yi awo da ɗaurin kan inji da saitin bawul tare. Awannin da suka fi yawa a wanki da kankara suke tafiya, kuma waɗannan ba sa bukatar gwaninta, haƙuri kawai.

Sauya inji gaba ɗaya

Injin da kamfani ya sabunta, irin na Cummins ReCon ko Cat Reman ko Detroit Reman, an kwance shi har ƙarshe, an auna komai da ma'aunin sabo, an gwada shi kafin ya fito, kuma yana zuwa da garanti. Shi ya fi kowace hanya tsada a ranar biya, shi ya fi saurin mayar da mota kan titi idan akwai shi a kusa, tunda cirewa da sakawa ne kawai. Abin lura shi ne musayar. Farashin an gina shi ne a kan cewa za ka ba da tsohon injinka, kuma za su duba shi. Bulok da ya fashe ko karanshaf da ya karye yana rage abin da za a mayar maka, wani lokaci ya shafe shi. A tambayi kuma me ke cikin kunshin, domin wani bulok ne da kan inji kawai, tabo da injekta da famfuna naka za ka mayar. Wannan hanya ta dace da motar da sauran jikinta ke da rai: shasi, giyabos, aksul. Sa irin wannan inji a motar da ta kusa ritaya zuba kuɗi ne inda ba za su dawo ba.

Na hannu kuwa shi ya fi araha, shi ya fi haɗari. Kilomitar da aka ce ya yi magana ce kawai, sai in kwamfutarsa na nan an karanta. Sayen wanda ba a ji tashinsa ba cinikin biri a sama ne. In ba makawa, a tashe shi a ga hayaƙin bututun numfashi, a yanka filta, a sauke kasko a buɗe metal biyu ko uku. A gwada lambar injin da ta naka, domin inji iri ɗaya yakan bambanta a wayoyi da kwamfuta da mazaunin kafafu daga shekara zuwa shekara. Inda na hannu ke da amfani sosai shi ne idan bulok ɗinka ya fashe: ka saye shi a matsayin tushe, ka yi masa garambawul a ƙasa inda ake ganin komai, sannan ka ɗora.

In an ce in zaɓa: inji ya gaji bai buga ba, tsoho ne ko mai sauƙin kwamfuta, akwai wuri mai tsabta da littafi da kayan awo, kuma tsayuwar mako uku ba za ta karya ka ba, to ka yi da kanka, ka kira ƙwararre ranar awo. Ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, gareji. Ya buga, a sauke shi, kuma a jira abin da masu awon bulok da karanshaf za su ce kafin a yanke tsakanin gyara da musaya.

Kowace hanya aka bi, akwai abin da ba a tsallakewa, wato gano abin da ya kashe injin. Silib da ya sude da wuri, fistin ya yi kamar an goge shi da yashi, ƙura ce ke shiga ta filtar iska ko ta wani tiyo da ya tsage. Silib da bayansa ya yi ƙananan ramuka har ya huje, ruwa zalla aka riƙa zubawa a lagireto ba tare da sinadarin da ke kare ƙarfe ba. Fistin ɗaya da ya narke a sama, injektarsa ce ke zubar da mai. Sabon inji ma aka ɗora a kan lagireton da ya toshe, hanyar da na farko ya bi zai bi. Na'urar sanyaya mai kuwa, in dai metal ya taɓa narkewa, sauya ta ake yi, wanki ba ya fitar da abin da ya maƙale a cikinta.

Ranar tashi ma tana da ƙa'ida. A cika hanyoyin mai tukuna, a juya inji ba tare da an ba shi dizal ba har geji ya motsa. Idan ya tashi, a duba yoyo, a bar shi ya ɗau zafi, sannan a fita da shi da kaya. Mutane da yawa suna tausaya wa sabon haɗi su bar shi yana aiki a tsaye awa da awanni, alhali matsin wuta ne ke tura ringi ya zauna a jikin silib. In babu kaya, jikin silib sai ya yi santsi, ringi ya ƙi zama, injin ya ci gaba da shan mai kamar ba a taɓa shi ba.

Kar kuma a yi odar kaya kafin a buɗe. Ana sayensu ne da lambar da ke jikin farantin injin, ba da sunan mota ba, domin fistin na inji iri ɗaya yakan bambanta gwargwadon ƙarfin dokin da aka saita shi a kai. Sannan idan ka ciro tsohon metal, ka juya bayansa ka karanta abin da aka buga. Idan an rubuta 0.25, wani ya riga ka yanka karanshaf ɗin, kuma metal mai girman asali da ke cikin kwalin da ka saya ba zai yi maka aiki ba.